Ina son barin kamfanin abokina zuwa babban kamfani, amma kunya ta hana ni

Assalamu alaikum, Malam. Ni injiniyan manhaja ne, shekara 14 ke nan ina wannan aiki. Shekara 3 da suka wuce wani abokina da muka yi jami'a tare ya buɗe kamfani, ya kira ni in riƙe masa ɓangaren fasaha. Yanzu mu 11 ne, injiniyoyi 4, kuma kusan duk abin da ke cikin manhajar ni na gina shi. Albashin bai kai abin da ake biyan irina a wasu wurare ba, amma an yi mini alƙawarin kashi 1 cikin 100 na kamfanin.

Kwanan nan wani babban kamfanin manhaja, cikin masu dubban ma'aikatan nan, ya yi mini tayin aiki: albashi mai kauri, inshorar lafiya ta iyali gaba ɗaya, da hannun jari. 'Ya'yana 3, ƙaramarsu tana fama da asma, mai ɗakina kuma tana da juna biyu. Ita tun ranar da takardar ta iso ta ce in karɓa, wai ta gaji da ganina da kwamfuta a cinya har a bakin gadon asibiti.

Samarin da nake aiki da su kuwa, duk wanda ya koma irin waɗannan kamfanoni cewa suke ya yi ritaya tun da sauran ƙarfinsa. Sun ce can lamba kawai zan zama, in wuni a mitin, in shekara ina gyaran maɓalli ɗaya. Ni kaina a da haka nake faɗa. Abokina ya ce saura ƙiris masu zuba jari su sake sa kuɗi, in na tafi yanzu na saki reshe na kama ganye, kuma na bar shi a rana. Ga shi kullum sai ka ji manyan kamfanonin sun sallami dubbai. To me manyan injiniyoyi masu iyali suke gani a can da suke zaune abinsu? Tsufa ne ya kama ni, ko tsoro?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ya sauki uwargida lafiya.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: a ganina ka karɓi aikin. Dalilina yana cikin maganar da samarin nan suke faɗa maka da nufin gori. Sun ce lamba za ka zama, wato ko kana nan ko ba ka nan aiki zai ci gaba. Gaskiya suka faɗa. Kuma wannan shi ne babban abin da magidanci yake nema ya rasa a ƙaramin kamfani.

Dubi dare ɗaya. Ƙarfe 2 da 'yan mintuna, rumbun bayanai ya cika, masu amfani da manhajar sun kasa biyan kuɗi. A kamfaninku wayar wa za ta yi ƙara? Ko da sunan wani yaro aka rubuta a matsayin mai gadin wannan mako, zai yi minti goma yana lalube, sannan ya kira ka, don kai ka gina wurin, kuma yadda aka harhaɗa shi yana cikin kanka, ba a rubuce ba. Ka tashi, ka buɗe kwamfuta, ka share abin sharewa, ka sake tayar da sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ka zauna kana zura wa allo ido har ka tabbatar kuɗi sun ci gaba da shiga. Kafin ka runtsa gari ya waye, yara za su makaranta, ƙarfe 9 kuma akwai mitin da kwastoman da ya kwana a fusace. Babu wanda ya zalunce ka a nan. Ku 4 ne kacal, manhaja kuwa ba ta barci.

A kamfanin da ya tsara aikinsa, wannan ƙararrawa wayar wanda gadi ya faɗo kansa take zuwa. In bai amsa ba cikin 'yan mintuna ta wuce ga na biyu. Akwai rubutaccen bayani a gabansa: in ka ga kaza, duba kaza, in ya ƙi, kira sashe kaza. Google ya taɓa wallafa ƙa'idar da injiniyoyinsa masu kula da lafiyar na'urori suke bi: kada gadi ya cinye fiye da kashi 25 cikin 100 na lokacin mutum, don haka rukunin da ke zaune wuri ɗaya sai ya kai mutum 8 kafin ya ɗauki gadin dare da rana. Abin da suka fi so ma shi ne a raba rukunin gida biyu, a sassan duniya masu bambancin lokaci, yadda daren waɗannan zai zama ranar waɗancan. Ba kowane babban kamfani ke bin wannan ba, ba ma kowane sashe na kamfani guda ba. Amma mai injiniya 4 ko yana so ba zai iya ba.

Saurayi ɗan shekara 24 yana jin daɗin a ce in babu shi komai ya tsaya. Girma ne a wurinsa, kuma babu laifi. Mai 'ya mai asma ya san cewa ciwon ba ya duba kalanda kafin ya tashi, don haka yana buƙatar aikin da zai iya juya wa baya na kwana uku ba tare da ya rushe ba.

Haka maganar take a hutun haihuwa. Na tabbata in uwargida ta sauka abokinka zai ce maka, da zuciya ɗaya kuwa, "Ka je ka huta, ko wata biyu ne." Rana ta uku waya za ta yi ƙara, a ce a yi haƙuri, tambaya ɗaya ce kawai. Hutu yana yiwuwa ne inda akwai mai ɗaukar kayanka in ka ajiye. Doka ma ta san wannan bambanci: a Amurka, dokar hutun iyali ta 1993 ta ba ma'aikaci mako 12 ba tare da albashi ba, amma kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama kawai ta hau kansu. Manyan kamfanonin manhaja sun zarce haka nesa, kuma ba don tausayi ba. A 2007 Google ya ƙara hutun masu jego daga mako 12 zuwa 18 da cikakken albashi, daga baya Susan Wojcicki, wadda ta shugabanci YouTube, ta rubuta cewa yawan sababbin iyaye mata masu barin aiki ya ragu da rabi. Lissafi suka yi suka ga rasa ƙwararre ya fi tsada a kan ba shi hutu. Ni kuwa na fi amincewa da alherin da ya tsaya a kan lissafi, domin ba ya jiran ranar da mai gida ya tashi cikin walwala.

Sai dai a nan akwai tarko, tunda cikin ya riga ya samu. Wurare da yawa sai ma'aikaci ya cika wasu watanni kafin ya cancanci hutun haihuwa. Ita kanta dokar Amurka da na ambata sai bayan wata 12 na aiki take rufe mutum. Tambayi ofishin ma'aikata a rubuce: yaushe haƙƙin hutu yake farawa, ranar da inshora take fara aiki, ko ta ƙunshi haihuwa da ciwon da mutum ya zo da shi, irin asmar yarinya, da kuma nawa za a riƙa cirewa daga albashi saboda iyali. Tambayoyi ne da suke amsawa kullum, babu wanda zai janye tayi saboda su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: kashi 1 ɗin nan. Ka ce "an yi mini alƙawari." A baki ko a takarda? In a baki ne, to yau ba ka da komai, kuma gara ka sani tun kuna shiri da juna. In a takarda ne, ɗauko ta ka karanta da idon mai ciniki. A mafi yawan ƙananan kamfanoni ba hannun jari ake ba ma'aikaci ba, damar saye ake ba shi a wani farashi da aka tsayar. Damar tana nuna ne, wato tana zama taka, sannu a hankali, galibi cikin shekara 4, ba a samun komai sai an cika shekarar farko. Kai da ka yi shekara 3, ƙila kashi uku cikin huɗu ya riga ya nuna, tafiyarka ba za ta goge shi ba. Amma duba sakin layin da ya yi maganar barin aiki: sau da yawa kwana 90 ake ba mutum ya biya kuɗi ya saya, in ba haka ba damar ta tafi, kuma a wasu ƙasashe haraji yana hawa tun ranar sayen, alhali ba ka da kasuwar da za ka sayar. Wannan wuri ne da ake roƙon sassauci, kuma abota tana da amfani a nan: nemi a tsawaita maka wa'adin.

Sannan kashi 1 na yau ba shi ne kashi 1 na ranar rabo ba. Duk lokacin da masu zuba jari suka sa kuɗi, sababbin hannayen jari ake ƙirƙira musu, na kowa ya ragu. In aka yi zagaye uku, kowanne aka sayar da kashi 20 cikin 100, naka ya koma rabin abin da yake da ɗan ɗoriya. Kuma ranar da aka sayar da kamfani, bisa al'adar yarjejeniyarsu masu zuba jari ne suke fara kwashe abin da suka zuba. A ce sun zuba dala miliyan 30, aka sayar da kamfanin miliyan 25. Jaridu za su buga cewa an saye kamfanin, 'yan'uwa su yi ta kira suna taya ka murna, kai kuwa ko sisi ba ka gani ba.

Kowa ya san labarin Instagram, wanda Facebook ya saya a 2012 kan kusan dala biliyan 1 yana da ma'aikata 13. Ana yawan ba da shi ne saboda irinsa bai cika faruwa ba. WeWork, kamfanin ba da hayar ofisoshi, duk da ba manhaja ce sana'arsa ba, an ƙiyasta darajarsa dala biliyan 47 a farkon 2019, ma'aikata suna ta lissafin arzikinsu a takarda; a Nuwamba 2023 ya shigar da takardun karayar arziki. Mai zuba jari ya san haka sarai, shi ya sa yake watsa kuɗinsa a kamfanoni da dama, yana jiran ɗaya ko biyu su biya asarar sauran. Kai shekarunka ka zuba, kuma a kamfani ɗaya rak. Saurayin da ke yi maka gori in wannan ya rushe zai shiga wani, in shi ma ya rushe ya sake wani, abin da zai yi asara bai wuce nasa shi kaɗai ba. Caca ɗaya kuke yi, amma abin da kowa ya ɗora ya bambanta. Ban ga tsoro a nan ba, kuma ban ga tsufa ba.

Hannun jarin babban kamfanin da ke kasuwar hannun jari kuwa kuɗi ne: ranar da ya nuna kana iya sayarwa. Shi ma a duba jadawalinsa. An daɗe da sanin na Amazon, alal misali: kashi 5 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu. Babban adadin da aka rubuta a saman takarda yana iya zama abin da sai ka daɗe za ka taɓa. Ka yi kasafin gida da tsurar albashi, sauran ka ɗauke shi riba.

Batun kora, ba zan yi maka romon baka ba. A Nuwamba 2022 Meta mai Facebook ya sallami fiye da mutum 11,000, ya ƙara 10,000 a Maris 2023. A Janairu 2023 Microsoft ya sanar da 10,000, Alphabet mai Google 12,000, Amazon kuma 18,000, ya ƙara 9,000 bayan wata biyu. Cikinsu akwai waɗanda suka yi fiye da shekara goma, akwai waɗanda aka yaba wa aikinsu a wannan shekarar, da dama kuma sun gane an sallame su ne da safe da suka kasa shiga kwamfutar aiki. Wanda ake iya aiki babu shi, ana iya sallamarsa babu wani dogon tunani. Wannan shi ne farashin barcin da na yi maka bayaninsa, kuma dole ka shiga da saninsa.

Amma guguwar da ta yi wannan ɓarna ba ta tsallake ƙananan ba. Tsakanin Maris 2022 da Yuli 2023 Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5, masu zuba jari suka ɗaure bakin jaka, ƙananan kamfanoni da yawa suka rufe shiru, ba su kai a buga su a jarida ba. Ranar Juma'a 10 ga Maris 2023 hukuma ta rufe bankin Silicon Valley Bank, masu ƙananan kamfanonin da kuɗinsu ke can suka yi ƙarshen mako ba su san da me za su biya albashi ba, sai ranar Lahadi gwamnati ta ce ta tsaya wa masu ajiya. Bambancin yana cikin yadda ake faɗuwa. Ma'aikatan Google da Meta na Amurka da aka sallama a lokacin an ba su albashin mako 16, da ƙarin mako 2 kan kowace shekarar aiki, da inshorar lafiya ta wata 6. Ƙaramin kamfanin da kuɗinsa suka ƙare ba shi da abin sallama ko da mai shi yana kuka. Ga kuma sunan babban kamfani a takardar neman aikinka, wanda yake buɗe ƙofa daga baya.

Abin da gogaggu suke yi bai wuce uku ba, kuma duk ba su da armashi. Ba sa ɗaga rayuwarsu ta kai tsawon sabon albashi. Suna tara abin da zai riƙe gida aƙalla wata 6. Suna sayar da mafi yawan hannun jarin da ya nuna, don kada albashi da ajiya su rataya a ƙusa ɗaya.

Samarin suna da tasu gaskiyar, kuma a ba su. Mitin zai yi yawa. Gyaran da kake yi yau kafin azahar, can sai ka rubuta takardar tsari, a duba, sashen tsaro ya duba, lauyoyi su leƙa. Sau ɗaya ko biyu a shekara za ka zauna kana rubuta yabon kanka don a auna ka, kuma ƙarin girma wani lokaci yana bin wanda ya iya nuna aiki fiye da wanda ya iya yin sa. Kana iya shekara biyu a kan abu wata safiya a ce an soke shi: Google ya rufe Reader, manhajarsa ta tattara labarai, a 2013, ya rufe Stadia, dandalinsa na wasannin bidiyo, a Janairu 2023, kuma bayan kowanne akwai injiniyoyin da suka zuba ƙarfinsu. Ƙa'ida tana iya sauyawa daga sama ba a tambaye ka ba, kamar yadda Amazon ya umarci ma'aikatan ofis su koma kwana 5 a mako daga Janairu 2025, bayan mutane da yawa sun gina rayuwar gida a kan aiki daga nesa. Wata shida na farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, kai da ka saba faɗa a ji.

Inda suka kuskure shi ne zancen ritaya. Ka tambayi kanka: yaushe rabon da wani ya karanta abin da ka rubuta ya ce maka nan ba daidai ba ne, kuma ya fi ka gaskiya? Shekara 3 kana wurin da kai ne ƙarshen sani, kuma wannan yana dakushe mutum ba tare da ya ankara ba. A manyan kamfanoni galibi babu gyaran da ke shiga manhaja sai wani injiniya ya karanta ya amince. Rumbun da Google yake ajiye rubutun manhajojinsa ya kai layi kusan biliyan 2 tun a 2015. A irin wannan wuri matsalolin da ake fama da su wasu iri ne, waɗanda ba sa bayyana sai masu amfani sun kai miliyoyi. "Maɓalli ɗaya" da suke raina, dole ya yi aiki a harsuna da dama, a tsohuwar waya da sabuwa, ga makaho mai amfani da manhajar karanta allo, kuma kada ya saɓa dokar sirrin bayanai ta kowace ƙasa. Akwai kuma abin da ƙananan kamfanoni ba su cika samarwa ba: tsani biyu na girma. Mutum yana iya hawa matakan babban injiniya, albashinsa ya yi kafaɗa da na manajoji, ba tare da an tilasta masa barin sana'arsa ya koma shugabancin mutane ba. Shi ya sa can ne za ka fi ganin masu furfura har yanzu suna rubuta manhaja.

Duk wannan yabo yana da sharaɗi ɗaya. Kamfani mai ma'aikata dubu ɗari ba wuri ɗaya ba ne. Rayuwarka tana hannun manaja guda da abokan aiki takwas ko goma. A cikin gini ɗaya akwai sashen da ake tashi ƙarfe 5, akwai wanda ake kwana. Tunda sun riga sun yi tayi, yanzu kai ne mai tambaya. Nemi a haɗa ka da manajan da za ka zauna ƙarƙashinsa, da injiniya ɗaya ko biyu na rukunin, manaja ba ya wurin. Mutum nawa ke karɓa-karɓar gadi, kuma sau nawa ƙararrawa ta tashe su da dare a watan jiya? Wa ya ɗauki hutun haihuwa kwanan nan, ya cinye shi duka, me ya tarar da ya dawo? Mutum nawa suka bar rukunin a bara? Abin da rukunin yake ginawa yana kawo wa kamfani kuɗi, ko gwaji ne da ake iya sokewa? Da wane ɓangaren duniya ake mitin, da ƙarfe nawa? Wannan ta ƙarshe mutane suna mantawa da ita, sai daga baya su ga mitin ya faɗo daidai lokacin kwantar da yara, sau uku a mako. In amsoshin suka zo da inda-inda, nemi wani rukunin a kamfanin, ko ka dakata.

Saura abokinka, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Ka ba shi shekara 3 a kan albashin da bai kai darajarka ba. Wannan jari ne ka zuba, ko ba a rubuta ba. Barin aiki ba cin amana ba ne. Cin amana shi ne ya ji labari a bakin wani, ko ka tafi da sirrin manhajar a kanka, ko ka janye masa yaransa. Ka same shi ido da ido kafin kowa ya ji, ka faɗa masa ka riga ka yanke shawara, kada ka bar shi yana zaton ciniki ka zo. Ba shi wa'adi mai tsawo gwargwadon yadda sabon wurin zai jira, manyan kamfanoni ba su cika ƙin ɗage ranar fara aiki da 'yan makonni ba. A wannan lokaci ka rage rubuta sabon abu, ka zauna ka zuba abin da ke kanka a takarda: yadda ake tayar da kowace na'ura, inda mabuɗai suke, wuraren da ka yi gaggawa ka bar rami. Zaɓi mafi natsuwa cikin samarin ka sa shi gaba, ya yi gadi kai kana gefe ba ka taɓa komai. Kamfanin da ya rataya a kan mutum ɗaya masu zuba jari ma suna tsoronsa, don haka wannan aiki zai amfani abokinka fiye da wata shekarar da za ka yi kana toshe ɓaraka da hannunka.

Maganar "saura ƙiris" kuwa, tambaye shi cikin girmamawa ya nuna maka takardar sharuɗɗan da masu zuba jarin suka sa wa hannu, da watanni nawa kuɗin da ke banki za su kai. Kai ne shugaban fasaha, haƙƙinka ne ka sani. In akwai takarda, kuma makonni kaɗan suka rage, kyautatawa ce ka daidaita ranar tafiyarka da shi, amma kada ka yarda a gabatar da kai ga masu kuɗi a matsayin mai zama alhali ka san tafiya za ka yi. In babu takarda, to fata ce kawai, kuma masu kafa kamfani da fata suke rayuwa. Ba ƙarya yake yi maka ba, shi ma ya yarda da abin da yake faɗa.

Kada tausayi ya sa ka ce za ka riƙa taya su da daddare. Yarjejeniyar manyan kamfanoni galibi tana taƙaita aikin waje, tana kuma iya ba kamfani mallakar abin da ka rubuta lokacin da kake ma'aikacinsa. Sai ka jefa kanka da abokinka cikin rigimar lauyoyi. In kana son zama mai ba su shawara, nemi izini a rubuce tun kafin ka sa hannu.

Akwai halin da zai sa in ce ka zauna. In kamfanin ya kai kuɗin da kwastomomi ke biya suna ɗaukar albashi, ko ajiyar banki ta kai shekara ɗaya da rabi, in kasonka yana rubuce, in abokinka ya yarda a ɗauko ƙarin ƙwararru biyu a sayi inshora ta gaske, in kuma kai ɗin ka san za ka yi ta ciwon rai duk ranar da ka tuna, to zaman yana da hujja. Akwai magidantan da suka zauna kuma suka dace. Amma a wasiƙarka ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ban ma ga inda ka ce kana son aikin ba. Gorin samari da idon aboki kawai ka lissafa.

Uwargida kuma ba 'yar kallo ba ce a wannan ciniki. Shekara 3 ita ma tana zuba jari, da darenta da haƙurinta, kuma babu kaso da aka rubuta da sunanta. Ku zauna da takardar tayin da ta kasonka, in akwai ta, a gabanku, ka nuna mata har da ɓangaren kora da yiwuwar komawa ofis kullum, don kada ta ɗauka an gama wahala. Ku tsayar da abin da za ku riƙa ajiyewa kowane wata tun kafin albashin farko ya shigo.

Kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai ka sa hannu a ta sabon wurin, sun kammala binciken da suke yi kan sabon ma'aikaci, sun kuma rubuta maka ranar farawa. A 2022 an ga kamfanonin da suka janye tayi bayan mutane sun riga sun bar inda suke. Ka kuma tabbatar babu rata tsakanin ranar da tsohuwar inshora, in akwai ta, za ta ƙare da ranar da sabuwar za ta fara, ka karɓi maganin yarinya na wata mai zuwa kafin ka sauya.